Hular Bakin Bindiga

Duk zaman da na yi da Malam ban taɓa ɗora hannu a kan bindigarsa ba. Sai da ƙasa ta rufe masa ido na taɓa ta, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba. Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata ta fari ce ke rubuta wannan. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta ajiye biro, kuka ba ya hana ni magana.

Malam maharbi ne, ɗan maharbi. Gidanmu yana Ƙofar Durbi, nan aka kawo ni, nan nake har yanzu. Bindigar ta mahaifinsa ce, tsohuwar bindigar soja irin wadda aka daina yayi, doguwa, itacenta ya yi baƙi saboda gumin hannu. Tana da takardarta ta hukuma. A turakarsa take rataye, kan ƙusa biyu, sama da shimfiɗa. Tun ina amarya uwar mijina ta tsayar da ni a bakin ƙofar ta ce, "Kin ga waccan? Mace ba ta taɓa ta, ba ta tsallake ta. Ranar da hannun mace ya hau kanta ta mutu, ko akuya aka ɗaure mata sai ta kuskure." Shi Malam in an matsa masa sai ya ce camfi ne. Amma bai taɓa miƙo mini ita ba, ko da wasa.

Sai dai ina da aikina a jikinta. Duk wanda ya ajiye bindiga a ɗakin ƙasa ya san zanzaro. Da an yi ruwan farko zai fara ɗauko laka, ya nemi rami ya gina gidansa, kuma ba ramin da yake so kamar bakin bindiga. In ya toshe ta mutum bai lura ba ya harba, sai ta fashe masa a fuska. Wasu suna cusa tsumma. Malam ya ce tsumma yana riƙe raɓa, yana jawo tsatsa. Shi ƴar hula yake so, wadda za ta rufe bakin ta waje, a ja zare a ɗaure. Ni ke ɗinka ta, duk shekara sabuwa, da guntun tsohon zanena.

To ta yaya zan auna abin da aka hana ni taɓawa? Da babban yatsansa na dama. Kaurin bakin bindigar da kaurin yatsan nan ɗaya ne, kamar an ƙera su tare. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, ya zauna, ya miƙo mini hannu. In naɗa ƙyalle a yatsan, in ɗinka a jikinsa. A zamaninmu miji da mata ba sa riƙe hannun juna da rana tsaka, abin kunya ne. Wannan kaɗai ce ranar da nake riƙe hannunsa a gaban kowa, uwarsa tana zaune tana kaɗi, ba mai cewa uffan. Ɗinkin da ba ya ɗaukar lokacin tafasar ruwa, sai in ja shi har a kira magariba. In kuma ya ɓata mini rai a makon, sai allura ta zame.

"Wash! Ke, yatsa ne fa, ba ƙwarya kike ɗinki ba."

"To ka daina motsi. Mai kashe gwanki yana tsoron allura."

Allah bai bar mana ɗa namiji ba, ƴaƴa mata biyu muka raina. Namijin da ya tashi a gidan nan ɗan ƙanen Malam ne, wanda uban ya rasu ya bari yana rarrafe. Ni na goya shi, ni na yaye shi da kunun gyaɗa. Inna yake ce mini, yana ce wa Malam Baffa. Ya girma ya zama mai gyaran babura, ya yi aure, ya tara iyali. Yaro ne mai zuciya, ban taɓa cewa ba haka ba.

Da fitina ta yi yawa a ƙauyen kakanninsu, ana kore shanu ana ɗauke mutane, sai ya shiga cikin masu zuwa gadi. Ya zo ya durƙusa ya roƙi aron bindigar. A lokacin Malam ya rage shiga daji, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya sauko da ita, ya shafa ta, ya ba shi. Ta fita da hular da na ɗinka da shuɗin zane.

Bayan kaka ya dawo da ita, ba hula. A bakinta an ɗaura wani guntun ƙarfe mai kauri, an huhhuda shi ta gefe kamar gindin madambaci. Ya ce wani mai walda ne a garejinsu ya sa masa. Wai bindigar tana shuri kamar jaki, ta kumbura masa kafaɗa, wannan ƙarfen yana rage shurin. Yana ta bayani yana murna, kamar wanda ya yi wa tsoho gyaran ɗaki. Malam ya karɓa, ya juya ta, ya daɗe yana duban inda ƙarfen ya haɗu da bakin. Sai ya ce, "Madalla." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka godiya ce.

Sau ɗaya ya sake fita da ita. Ya tafi da hantsi, kafin la'asar ya dawo, hannu wofi, yana ta sa yatsa a kunne. Na kawo masa ruwa ya sha. Ya ce, "Ba muryarta ba ce." Ya rataye ta, bai ƙara sauko da ita ba. Na ce masa ya kira yaron ya sa a cire. Ya ce ɗan marigayi ƙanensa ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi, ba zai kunyata shi ba. Malam mutum ne mai kawaici har ya yi yawa. Ni ba haka aka yi ni ba, amma lokacin yana da rai, bindigarsa ce, na yi shiru.

Sanyi bai fita ba ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙi fita sai da ƙyar. Hannun nan da na sani ya riƙa ramewa a gabana har ya koma kamar kara. Da bazara ta yi nisa, wata rana da yamma mun fito da shi tsakar gida ya sha iska, sai ya sa hannun hagu ya ɗauko na daman ya ɗora a cinyata. Na gane abin da yake nufi. Na ce, "Malam, ai ba za ta shiga ba. Ka manta da ƙarfen nan? Kuma dubi yadda yatsan ya koma." Ya kafa mini ido kawai. Na tashi na yago bakin zanen da ke jikina, na ɗinka. Ban soke shi ba ranar. Ko na soke shi ma ba zai ji ba. Hular ta fito ƴar tsukukuwa, ta fi duk waɗanda na taɓa yi ƙanƙanta. Na tura ta ƙarƙashin matashinsa. Bai kai ruwa na biyu ba, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yanzu in hadari ya haɗu da la'asar ba na iya zama a tsakar gida.

Ina cikin takaba aka yi rabon gado. Limamin unguwa ya zauna da manya, aka ba ni tumunina, aka ba ƴaƴana nasu, ragowar ta koma ga ɗan ƙanen Malam. Bindiga ta faɗa a rabonsa. Ban yi gardama ba, hukuncin Allah ne, kuma wa zai riƙe ta in ba shi ba? Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo ya ɗauka, don zai koma ƙauye.

Ranar da aka yi rabon na shiga turakar in kwashe shimfiɗa. Na ɗaga matashi, sai ga hular. Na ɗaga kai, sai ga zanzaro a ƙarfen bakin bindigar, yana shiga ta wannan hujin yana fita ta wancan, da laka a bakinsa, hankali kwance. Na aika a kira mini yaron.

Na ce, "Kafin ka ɗauki bindigar nan, a cire mata ƙarfen nan."

Ya ce, "Inna, wane ƙarfe kuma?"

"Madambacin da ka ɗaura mata."

Ya yi dariya. "Haba Inna, ke mi kika sani a harkar bindiga? Ai Baffa da kansa ya gani ya ce madalla."

"Na ji madallar. Na fi ka sanin madallarsa."

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Inna, can ba farautar zomo muke ba. In kafaɗa ta sage mutum bai iya ɗaga hannu ba, ransa ne. Ki yi haƙuri, ba zan cire ba."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Na ce masa in ta fita ƙofar gidan nan tasa ce, ya ɗaura mata ko bututun injin niƙa, ba ruwana. Amma daga ɗakin nan za ta fita yadda ta shigo, da hular da mai ita ya sa na ɗinka. Ya ce baƙin ciki ne ke damuna, zai wuce. Ya tashi ya tafi.

Washegari da hantsi na taka kan gadon Malam na sauko da ita. Ban san haka take da nauyi ba, saura kaɗan ta kayar da ni. Warin jikinta warin rigarsa ne in ya dawo daga daji. Na zauna da ita a cinya na yi kuka har na gaji, sannan na kama ƙarfen na murɗa. Ko motsi. Na murɗa ta ɗaya gefen, tafin hannuna ya saɓule. Na tuna in murfin tukunyar ƙarfe ya kafe mai ake sa masa, sai na zuba man gyaɗa a tasa, na kifa bakin bindigar a ciki, na jingina ta da turmi. Kafin azahar kiyashi sun yi layi tun daga bakin rijiya, sun hau ta har gindi, baƙi ƙirin. Ƙarfe yana nan yadda yake. Na yi asarar mai, na ciyar da kiyashi.

A haka ƙaramar ɗiyata ta shigo ta same ni. Ta ɗora hannu a ka. "Inna! Innalillahi! Kin taɓa?" Na ce na taɓa, ga ni ban shanye ba. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Wata ta ce takaba ta taɓa mini kai. Wata ta ce na kashe wa maraya gadonsa don hassada. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in yi sadaka da farin goro ko abin zai zo da sauƙi. Na ce mata in tana da goron ta miƙo in ci.

Malam yana da aboki maƙeri a Ƙofar Sauri, tun suna samari suke tare, shi ke duba masa bindigar in ta samu matsala. Na aika masa cewa matar abokinsa tana kira, ya zo da kayan aiki. Ranar Juma'a da hantsi ya iso, ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Ya yi mini gaisuwa mai tsawo, muka yi wa mamaci addu'a. Sannan na turo masa bindigar ta ƙarƙashin labule.

Ya shinshina ta. "Uwargida, soya ta za ki yi? Ai saura yaji da gishiri."

"Kai dai cire mini abin nan."

"Wa ya sauko da ita?"

"Ni."

Ya ce, "Da abokina yana nan, da yau an yi shari'a."

Na ce, "Da yana nan, da ban kira ka ba."

Ya fara buɗe ta ya tabbatar ba komai a ciki. Ya duba bakin ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi aikin nan bai tsaya ga murɗawa ba, har da ɗigon walda ya kafe shi, shi ya sa ko shekara na jiƙa ta a mai ba za ta saki ba. Ya ce in kawo masa gawayi a kasko. Ya fito da magagari ya shiga goge ɗigon a hankali, yana gogewa yana zagin mai waldar da iyayen gidansa. Da ya gama ya ɗumama ƙarfen, ya kama shi da awartaki. Sai ya ce aikin na mutum biyu ne, sai wani ya danne gindin, in ba haka ba duk bindigar ce za ta riƙa juyawa.

Daidai nan yaron ya yi sallama. Ashe matarsa ta gaya masa, bai jira an sauko masallaci ba. Ya tsaya a ƙofar zaure yana huci.

Maƙeri ya ce, "Yawwa, ɗana, zo ka riƙe mini nan."

Ya ce, "Wallahi Baba ba zan riƙe ba. Kayana ne, ba a tambaye ni ba." Ya juyo wajen labule. "Inna, an ce ke kika sauko da ita. Kin san abin da kika yi? Kin kashe ta. Bindigar kakana!"

Na ce, "Mai ita ma ya mutu."

"Ba a yin haka, Inna. Hannun mace..."

"Hannun macen nan ne ya wanke maka kashi, ya ɗura maka kunu. In yana kashe abu, da kai ya fara."

Na ja hijabina na ɗaga labule na fito. Mai takaba ba ta fita gida, amma zaure ai cikin gida ne. Maƙeri ya kawar da kai. Na zauna a ƙasa, na sa gindin bindigar tsakanin gwiwoyina, na rungume ta da hannu biyu, na ce masa bismillah. Ya murɗa, ta kuɓuce mini, ta buge ni a haƙarƙari. Na sake kamawa. Yaron yana tsaye, bai taimaka ba, bai hana ba. Maƙeri ya ce, "Riƙe da kyau, uwargida, kamar kin kama ɓarawon kaza." Ya sake murɗawa da dukkan ƙarfinsa na tsufa. Sai muka ji ƙarfen ya yi ƙara ya saki. Da ya zare shi, busasshiyar laka ta zubo a tabarma, da ƴan tsutsotsin zanzaro a ciki. Maƙeri ya tattara a tafin hannu ya nuna wa yaron.

Ya share cikin bindigar tas, ya goge man gyaɗana. Sai na ga bakin. Ashe kafin mai walda ya sa ƙarfensa sai da ya goge bakin ya rage masa kauri. Ya rame, ya yi fari, duk zane-zane. Na kunce bakin zanena na ciro hular. Na sa mata. Ta shige, ta zauna daram. Na ja zaren na ɗaure.

Ko Malam ya san an rage bakin tun ranar da ya daɗe yana dubansa, ko kuwa hannunsa kawai yake so in riƙe, ban sani ba. Mutane sun so su mai da abin karama, na ce su bar ni. Ni dai an sa ni ɗinki na ɗinka, kuma hular ta hau inda aka yi ta domin shi. Maƙeri ya sa hannun riga yana share ido, yana cewa hayaƙin gawayi ne.

Na ɗauki bindigar da hannuna biyu na miƙa wa yaron. Na ce, "Ga gadonka." Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa ya naɗe ta a buhu ya fita, ko sallama babu. Ƙarfen ya bar shi a ƙasa. Yana nan, da shi nake tokare ƙofar akurkin kaji, kuma nan ya fi dacewa.

Ya yi fushi da ni har na fita takaba bai taka gidan nan ba. Sallah ta zo ya aiko yara, shi bai zo ba. Abin ya yi mini ciwo, ɗana ne. Amma ban aika masa ba. Ƴaƴana suka ce in sassauta, ni ce babba. Na ce babba ce shi ya sa.

Da bazara ta zagayo, wata rana bayan la'asar sai ga shi. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya zauna a bakin tabarma. Na tambaye shi ƙauye, ya ce da sauƙi. Na tambaye shi kafaɗa, ya ce tana nan. Na ce, "Bindigar da na kashe fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce tana tashi. Bai sa mata wani ƙarfen ba, tsumma yake naɗawa a kafaɗa. Sai ya ciro hular daga aljihu, ta huje, zaren ya tsinke. Ya ajiye ta a gabana, ya miƙo mini babban yatsansa.

Na dubi yatsan, ƙato, duk baƙin mai. Na ɗauki tsohuwar hular na ƙulle a bakin zanena. Na ce masa ya mai da hannunsa, allurata yatsa ɗaya ta sani. Kuma nasa ya yi kauri, bakin bindigar yanzu ba haka yake ba.

Ya ce, "To Inna, da mi za a auna?"

Na ce, "Ka turo mini matarka gobe in nuna mata ɗinkin. In ta koma gida ka sauko da bindigar ka miƙa mata, ta auna a bakinta."

Ya ce, "Subhanallahi, Inna!"

Na ce, "Ko ka miƙa mata, ko zanzaro ya auna maka. Ruwa ya kusa."